Baba Istifanus Ba Ya Shan Ruwa a Gabana

Litinin, 3 ga Maris, bayan shan ruwa

An ɗauke duron ruwa daga bakin ƙofar ɗakin inji. Da muka zo da safe sai shatin gindinsa muka tarar a kan siminti. Oga Nicholas, manajanmu, ya tara mu ya ce shi ya sa aka kai shi bayan ɗakin janareta, don girmama masu azumi. Yana faɗa yana dafa ƙirji. Wasu har da tafi. Mutumin da ke zaune da na'urar sanyi a ofis, ga fanka a bayan ƙeyarsa, shi ne ya gano cewa ganin duro ne ke wahalar da mu.

Ba wanda ya tambayi masu azumin. Ni dai ba a tambaye ni ba. Tun ina yaro nake azumi a gaban masu tallar ƙanƙara, ban taɓa faɗuwa don na ga ruwa ba.

Na ce to. Na hau kan injina.

Talata, 4 ga Maris, bayan isha'i

Injinmu na buta mutum biyu yake ci. Ni ina sama ina zuba masa niƙaƙƙiyar roba, Baba Istifanus yana ƙasa yana ciro butar da zafinta yana aske mata baki da wuƙa. In ɗayanmu ya yi nisa, roba ta daskare a ciki, sai an kashe an fasa, sai Oga ya fito da hancinsa a sama. Samanmu kwano, gabanmu inji. Fanka ɗaya ce a bango, ta mutu tun bara, gizo-gizo ya kama haya a cikinta.

Baba ya haifi kamata. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma Hausarsa ta fi tawa. Ya yi aikin masaƙa a nan Kakuri tun kafin a haife ni. Yana da ɗabi'a ɗaya: ba ya ci, ba ya sha a gaban mai azumi. Bara, da duro yana bakin ƙofa, yakan zame ya sha a bayan ƙyaure kafin inji ya tofo wata butar. Bana bayan janareta ya yi masa nisa. Sai an tsayar da inji na tafi sallar azahar yake sha, shi ke nan sai kuma an tashi.

Ben, abokina da ke tsince roba a fili, ya kawo masa ruwan leda. Baba ya yi godiya ya sa a aljihu.

Na leƙo na ce, "Baba, ka sha mana."

Ya ce, "Kai kana kallo, ɗana?"

"Zan juya baya."

"Kunnenka fa? Shi ma zai juya?"

Ya yi dariya, ni ma na yi.

Alhamis, 6 ga Maris, bayan shan ruwa

Zafi. Na jingina da ginshiƙin ƙarfe, ya bar mini shaida a kafaɗa.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma

Alhaji mai kamfani ya zo. Ya tsaya a bakin ɗakin inji, hucin ya daki fuskarsa, ya ja baya kamar wanda ya buɗe tukunya. Daga nan waje ya yi mana sannu da aiki. Da aka ba shi labarin duro sai ya riƙe hannun Oga Nicholas ya ce wannan bawan Allah ya fi wasu musulmi sanin darajar wata. Oga ya sunkuyar da kai irin na amarya. Su biyu suka shiga ofis suka rufo ƙofa don kada sanyi ya fita.

Kirista da musulmi sun haɗa kai. A rediyo kullum abin da ake roƙo ke nan. To ga shi an samu.

Litinin, 10 ga Maris, bayan shan ruwa

Leɓen Baba ya tsage. Butoci biyu uku sun suɓuce masa, shi da ba ya yar da komai. Na sake yi masa magana, ya ce in kula da buhuna. Na ce to.

Talata, 11 ga Maris

Ba zan rubuta na yau ba.

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Ban je aiki ba. Wuƙar Baba tana aljihun wandona, ban san lokacin da na ɗauke ta daga ƙasa ba.

Jiya, abin da na fara lura da shi rigarsa ce. Kowa rigarsa ta jiƙe ta manne, tasa a bushe. Na ɗauka sauƙi ya samu. Haka nake da wayo. Sai ya ɗago ya kira ni da sunan wani, ya yi mini magana da yarensu, ya nemi wurin zama a inda babu kujera.

Ni na kashe inji. Ben ya zo da bokiti ya kwara masa. Jikinsa kamar butar da ta fito yanzu. Muka cicciɓe shi zuwa bakin titi muka tare keke napep.

Oga Nicholas ya fito muna ɗauke da shi. Abin da ya fara fita daga bakinsa: "Wa ya kashe inji?"

Na rubuta wannan don kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in ce ko ban ji daidai ba.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan shan ruwa

Da aka tashi na hau mota zuwa asibitin da aka kwantar da shi a Sabon Tasha. Ana yi masa ƙarin ruwa. Ya gane ni. Ya tambaye ni wa aka sa a wurinsa, kuma yana aske bakin butar da kyau ko yana barin ƙaya.

Matarsa, Mama, ta fito da ni baranda. Ta ce likita ya ce zafin ya taɓa masa ƙoda. Wannan karon ya tsallake. In aka sake, sai dai wankin ƙoda, in ma ya farka. Ya ce dole ya riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan duk wunin da yake kusa da inji, ba ya bari sai azahar ba.

Na ce, "Mama, na roƙe shi, ya ƙi."

Ta ce, "Na sani. Ba kai ne farko ba."

Sai ta ba ni labari a tsaye, tana kallon titi. Lokacin wani rikici, suna zaune a Tudun Wada, wani abokin aikinsa na masaƙa ya ɓoye shi a ɗakinsa har ƙura ta lafa. Mutumin yana azumin nafila, amma shi yake kawo masa abinci da ruwa da hannunsa, ya zauna yana kallonsa yana ci. Mutumin ya daɗe da rasuwa. Tun daga nan Baba ya ɗaukar wa kansa cewa ba zai ƙara sa komai a baki a gaban mai azumi ba. Sunan mutumin ne ya kira ni da shi ranar Talata.

Ta ce, "Fasto ya yi magana, na yi, 'ya'yansa sun yi. Kan tsohon nan dutse ne."

Na ba ta wuƙar ta ajiye masa.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan la'asar

Labarin ya kai masallacin bakin kamfani. Bayan sallah mutane suka kewaye ni. Wannan ya ce kai, wannan Kirista ya san mutunci. Wancan ya ce irinsu sun ƙare. Wani har da girgiza kai yana cewa Allah ya sa mu yi koyi. Suna yabonsa kamar an riga an rufe shi. Ba wanda ya ce a dawo da duro. Yabo ba ya buƙatar a ɗauki komai mai nauyi.

Asabar, 15 ga Maris, bayan isha'i

Yau aka yi mana bita a kan kare ma'aikata daga zafi. An tsayar da inji saboda ita, abin da ba a yi wa Baba ba sai da na yi da hannuna.

Wani mutum ya zo da kwat, da laktaya ɗaure a wuya. Kwat, a watan Maris. Ya kafa allo ya nuna mana hotunan Turawa suna hutawa a ƙarƙashin laima, kowa da gorar ruwa mai launi. Ya koya mana alamomin bugun zafi. Ya ce in ka ga mutum ya daina gumi, to abin ya yi tsanani. Na gode masa a raina. Da ya zo ranar Litinin.

Ya ce abu uku ne: ruwa, hutu, inuwa. Ya sa muka maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Ruwa, hutu, inuwa. Ben ya ɗaga hannu.

"Oga, wanne ne a ciki muke da shi a nan?"

Oga Nicholas ya ce, "Tambayoyi sai a ƙarshe."

A ƙarshe aka raba mana riguna masu ƙyalli, na leda, a ɗora a kan wadda ke jiki. Maganin zafi, ƙarin riga. Aka jera mu aka ɗauki hoto, aka ce mu ɗaga babban yatsa.

Duk tsawon jawabin nan mai kwat yana kurɓar ruwan gora mai raɓa a gabanmu, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Na duba masu azumi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya faɗi.

Litinin, 17 ga Maris, bayan shan ruwa

Na shiga ofis. Sanyin ya sa sai da na yi atishawa. Na ce wa Oga ni mai azumi ne, kuma a madadin masu azumi ina roƙon a dawo da duro bakin ƙofa.

Ya ce, "Mustafa, kana so in warware abin da Alhaji ya yaba da bakinsa? Bari sai bayan Sallah mu gani."

Na ce Baba zai dawo kafin Sallah.

Ya ce, "Ai ya zo da ruwansa. Wa ya hana shi? An ba ku bita, abi?"

Ben ya ce ya ji shi a waya yana gaya wa Alhaji cewa tun da aka kawar da duro yawon banza ya ragu, kaya sun ƙaru. To ga girmamawar. Duron nan ba Sallah yake jira ba.

Talata, 18 ga Maris

Zafi. Rigar ƙyallin wani ta narke a gefen inji, ta manne.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan shan ruwa

Baba ya dawo. An aika masa cewa in ya wuce wannan makon za a tabbatar da wani a wurinsa. Wuyansa ya yi tsawo, wandon ya yi masa yawa. Mama ta haɗo shi da jarka, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi. Ya ajiye ta a gefen ƙafarsa.

Na yi ta jira ya buɗe. Hantsi ya wuce. Na sauko na ce masa na san abin da likita ya ce.

Ya ce, "Likita yaro ne. Hau sama, buhunka zai ƙare."

Da azahar ya sha. Bayan nan ko taɓa ta bai yi ba. Da aka tashi na gan shi a bayan katanga yana tuttular da sauran a kwata, don kada Mama ta ga jarkar da nauyi.

Juma'a, 21 ga Maris, bayan isha'i

Na sami Malam, limamin masallacinmu na Unguwar Mu'azu, na ba shi labari. Ya ce babu inda aka ɗora wa wanda ba ya azumi ya ƙi shan ruwa saboda mai azumi. Ya ce in gaya masa daga bakinsa, ya sha, ladana ba ya raguwa, wataƙila ma ya ƙaru. Malam ya yi gaskiya. Aƙalla shi bai yabe shi ba.

Asabar, 22 ga Maris, bayan shan ruwa

Na isar da saƙon Malam. Baba ya saurara har ƙarshe yana aske buta.

Ya ce, "Ka gaishe da Malam, ka ce na gode. Amma ni ba addininku nake yi ba, ɗana. Alkawarina nake riƙe."

Na ce, "Wanda ka yi wa alkawarin shi ne ya kawo maka ruwa da hannunsa."

Wuƙar ta tsaya. Buta ta fito ta faɗi ƙasa.

Ya ce, "Matar nan bakinta ba ya rufuwa."

Ya ɗauki butar. Jarkar tana nan yadda take.

Wajen la'asar na ga ya dafa inji da hannu ɗaya ya rufe ido. Daga sama ina ta kallon bayan rigarsa, ko a jiƙe take ko ta fara bushewa. Haka na wuni. Na zuba roba a ƙasa ban sani ba.

Lahadi, 23 ga Maris, da rana

Ba aiki. Ina kwance a tabarma ina kallon rufi. Na gaya wa Yaya Fiddausi, yayata da nake zaune a wurinta, abin da ke raina: gobe in ɗauki jarkar in ɗaga a gabansa in sha, in ce to yanzu babu mai azumi a nan. Abin da zai biyo baya tsakanina da Ubangijina ne.

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Sai ya ce ya karya wa ɗan mutane azumi a goman ƙarshe. Ka hana ƙishi kashe shi, ka ba kunya. Kuma jibi fa? Kullum za ka riƙa sha?"

Na mayar da idona kan rufi.

Ta ce, "Kai ne damuwarsa, Mustafa. Ba duro ba, ba Oganku ba. Kai da kake tsaye a kansa."

Ba ta faɗa don ta ɓata mini ba. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Litinin, 24 ga Maris, bayan shan ruwa

Na tare Ben a bakin get da safe. Na ce mu yi musanya, ya hau injina, ni in koma fili.

Ya ce, "Ustaz, kanka ɗaya? Filin nan ko kare ba ya tsayawa. Ni da nake shan ruwa ma ina ganin taurari da rana."

Na ce, "In kai ne a sama, zai sha."

Ya kalle ni, ya sosa kai. Ya ce, "To in ya ƙi, ɗura masa zan yi kamar akuya." Na ce kada ya gaya masa dalili, don in ya sani ba zai yarda ba.

Oga Nicholas bai ɓata lokaci ba. Ya ce amma in sani, wanda ya bar inji ba ya komawa, shi ba ya son wasan yara. Na ce na ji. Ya ce yana son ma'aikaci mai neman sanin kowane ɓangare, irinmu ne ke zama manya. Mai azumi ya zo da ƙafarsa yana roƙon a fitar da shi rana, bai ko tambayi me ya sa ba. Ya tuna mini in sa rigar ƙyalli.

Talata, 25 ga Maris, bayan isha'i

Fili. Tulin tsofaffin robobi, fasassun kujeru, bokitai, jarkokin da ba ka son sanin abin da aka taɓa zubawa a ciki. Ka ware fari, ka ware mai launi, ka loda a baro ka tura wa injin niƙa. Inuwa ɗaya ce, ta jikin bangon ɗakin inji, ƙarƙashin taga. Nan kowa yake jawo tulinsa. Ƙasa tana cin tafin ƙafa ta cikin silifa.

Da safe Baba ya tarar da Ben a sama. Ya fito ya same ni.

Ya ce, "An ce kai ka nema."

Na ce e.

Ya ce, "Na yi maka nauyi ko? Hannuna ya rage sauri, na sani."

Na ce ba haka ba ne, ƙarar inji ce ta dame ni.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, Allah ya taimaka, Malam Mustafa." Ya juya.

Na ce amin.

Da aka tashi Ben ya ɗaga mini jarkar daga nesa ya kifa ta. Ko ɗigo. Ya ce tsohon har ya aike shi bayan janareta ya ƙaro, kuma duk wunin bai yi masa magana ba sai zagi, wai yana zuba roba kamar mai ba kaji dawa.

Na sha koko kofi biyu. Yaya Fiddausi ta shafa mini man kaɗanya a wuya, fatar ta fara saɓulewa.

Laraba, 26 ga Maris, bayan shan ruwa

Mai kwat ya aiko da hoton bita, an manna a bakin get. Ina ciki, da yatsana a sama.

Wajen ƙarfe uku ina ƙarƙashin taga ina ware fari da mai launi. Na miƙe don in sassauta bayana, sai na leƙa. Ban yi niyya ba. Baba yana tsaye, ya ɗaga jarkar da hannu biyu, kansa a baya, ruwa yana bin haɓarsa yana sauka cikin riga. Tun da azumi ya kama ban taɓa ganinsa yana sha ba. Na tsaya ina kallo kamar wawa.

Ya sauke ido ya gan ni.

Ya cire jarkar daga baki. Ya rufe ta a hankali, ya goge haɓa da bayan hannu, ya tura ta ƙarƙashin inji da ƙafa. Ben ya ce har aka tashi bai ƙara taɓa ta ba, kuma duk butar da ya ciro sai ya waiwayi tagar.

Can ƙarshen fili akwai tulin da ba wanda yake so, kusa da katangar baya. Babu bango mai inuwa, babu komai, sai kwalabe da ƙudaje. Daga ɗakin inji ba a hango wurin. Na je na tsaya na duba kafin in taho. Na ce wa Ben ya gaya masa an mayar da ni can.

Gobe da safe zan kai barona.